Tsuntsu a Kan Turke: Sharhi Kan Littafin Hotuna na Stephen Gill

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya don ya ɗauki hoton kurciya a kan katanga ya san yadda abin kan ƙare. Kafin hannu ya daidaita ta yi fir ta tashi, a bar mutum da hoton katanga da gutsuren fiffike a gefe. Akasarinmu nan take muke goge irin wannan hoto, domin mun riga mun yarda cewa hoton tsuntsu na kirki shi ne wanda ya fito tsaf, ido na ƙyalli, gashin jiki kamar a ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Littafin da za mu duba a nan, mai suna The Pillar, cike yake da irin hotunan da muke gogewa. Wani tsuntsun ya juya baya, wani kansa ya fita daga hoton, wani kuma sauri ya mayar da shi kamar inuwa. Duk da haka, a 2019 littafin ya ci ɗaya daga cikin kyaututtukan littattafai a bikin masu ɗaukar hoto na garin Arles a Faransa, wanda yana cikin manyan bukukuwan wannan sana'a a duniya.

Manufar wannan sharhi ita ce a gano abin da ya ba waɗannan hotuna daraja, da inda suka gaza, da kuma abin da mai ɗaukar hoto don sha'awa, wanda ba shi da komai sai waya da tsakar gidansa, zai iya tsinta a cikinsu. Ra'ayina shi ne, darajar hoton tsuntsun gida tana cikin wurin da lokacin da ya nuna, alhali salon da ya fi yaɗuwa a yau waɗannan abubuwa biyu yake fara sharewa.

Littafin da mai shi

An haifi Stephen Gill a birnin Biristol na Ingila a 1971. Ya yi suna ne da hotunan unguwar Hackney a gabashin Landan, inda ya zauna shekaru masu yawa. Ɗaya daga cikin littattafansa na farko, Hackney Wick na 2005, da wata kyamarar roba ya ɗauki hotunansa, wadda ya saya rabin fam a kasuwar gwanjo ta unguwar. Wato tun da wuri ba mutum ba ne mai jingina aikinsa ga tsadar kaya.

A 2014 ya ƙaura zuwa karkara a yankin Skane, kudancin ƙasar Suwidin, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta gonaki wadda ido ke tafiya nesa bai ci karo da komai ba. A farkon 2015 ya kafa wani turken itace a fili kusa da rafi, a inda yake iya hango shi daga tagar gidansa. Kaurin turken santimita 6 ne, tsayinsa kuwa kamar mita ɗaya da rabi. Daura da shi ya kafa wani, ya ɗaura masa kyamara mai jin motsi, irin wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gitta gabanta. Sai ya koma gida. Lokaci-lokaci yakan zo ya kwashe abin da kyamarar ta tara, haka har shekara 4. A 2019 ya zaɓi wasu daga cikin hotunan ya buga su a kamfaninsa na ɗab'i mai suna Nobody, tare da wata maƙala ta marubucin nan ɗan ƙasar Norwe, Karl Ove Knausgaard. Sunan littafin ma turken yake nufi.

Gill ƙwararre ne, da hoto yake cin abinci. Amma hanyar da ya bi a wannan aiki ta ɗan sha'awa ce tsantsa. Bai yi tafiya zuwa wani gandun daji ba, bai nemi tsuntsun da ba a cika gani ba, bai kuma ɗauki doguwar kyamarar nan mai jawo nesa kusa ba. Tsuntsayen unguwarsa ya jira a ƙofar gidansa, daga ƙanana dangin gwara, zuwa dangin hankaka da shaho, har zuwa gaggafa. Shi ya sa littafin ya cancanci a auna shi da ma'aunin masu ɗaukar hoto a gida, su ma a auna su da nasa.

Salon da aka saba

Kafin a gane abin da Gill ya kauce masa, sai an san yadda ake yin hoton tsuntsun gida a Turai da Amurka, inda ciyar da tsuntsayen daji a lambun gida tsohuwar al'ada ce. Tsarin ya zama kamar girki mai ƙa'ida. Za a rataye mazubin hatsi har tsuntsaye su saba da zuwa. Sai a samo wani kyakkyawan reshe mai fure ko gansakuka, a ɗaure shi kusa da mazubin, domin tsuntsu kan fara sauka a reshe ya duba hagu da dama kafin ya faɗa wa abinci. Za a saita kyamara yadda reshen zai fito amma mazubin ba zai fito ba. Gilashin kyamarar dogo ne, milimita 400 zuwa 600, kuma ana tabbatar da cewa duk abin da ke bayan reshen yana nesa, don ya narke ya zama launi ɗaya, kore ko ruwan ƙasa. Ana so kyamara ta ƙyafta cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa ko fiye da haka a sauri, rana tana bayan mai ɗauka, ɗigon haske ya fito a ƙwayar idon tsuntsu. In wani tsinke ya yi katsalandan, kwamfuta za ta cire shi daga baya.

Ba za a raina wannan aiki ba. Yana buƙatar haƙuri da sanin halin tsuntsu, kuma irin waɗannan hotuna ne ke taimaka wa mai koyo ya bambanta wannan iri da wancan. Matsalarsa ita ce, idan ka ga hamsin ka ga dubu. Ba za ka iya cewa wannan a lambun wani malamin makaranta aka ɗauke shi a Ingila ko a gonar wani tsoho a Kanada ba, ba za ka san ko da safe ne bayan ruwa ko da yamma ne cikin fari ba. Mutum ya shekara goma yana zaune a gida ɗaya da tsuntsayen nan, amma hoton da ya fitar babu alamar gidan a cikinsa. Abin da ya fi ƙwararren baƙo da shi, wato sanin wurin, shi ne ya goge da hannunsa.

Ɓoyo daɗaɗɗen abu ne a wannan sana'a. Ƴan'uwan nan biyu na yankin Yorkshire a Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka ɗauki hoton sheƙar tsuntsu da ƙwai a 1892 suka kuma fitar da littafin hotunan sheƙuna a 1895, har sa na ƙarya aka yi musu da fatar sa ta gaske, cikinsa fanko, mutum ya shiga da kyamara ya jira tsuntsu. Dabara ce irin ta maharbanmu masu ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya cikin ciyawa. Wannan ɓoyo ne daga idon tsuntsu, kuma babu wanda ya cutu da shi. Na biyun, wanda ya zo daga baya, ɓoyo ne daga idon mai kallo, a shirya wuri sannan a nuna kamar haka aka tarar da shi. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ya faru a babbar gasar hotunan namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan, inda hoton wani kyarkeci yana tsallake ƙyaure ya zo na ɗaya a 2009, amma a watan Janairun 2010 aka ƙwace kyautar bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar horarriya ce, ko da yake mai hoton ya musanta. Ungulu da kan zabo ke nan. Mai ɗaura reshe kusa da mazubi bai kai nan ba, tsuntsunsa na daji ne kuma da kansa ya zo. Sai dai shi ma akwai abin da ya sani wanda bai so mai kallo ya sani ba.

Jigo da zubi

A nan ne The Pillar ya raba hanya da su. Gill ma ya shirya wuri, amma abin da ya shirya shi ne ya dasa a tsakiyar kowane hoto. Turken yana nan shafi bayan shafi, bayansa fili ɗaya, itatuwa da gidaje can nesa, sama a buɗe. Mai kallo ya san cewa mutum ne ya kafa wannan itace, ya san dalilin kafa shi, saboda haka babu abin da zai gano daga baya ya ji an yaudare shi.

Idan muka ari kalmomin nazarin adabi, babban jigon littafin shi ne wucewar lokaci a wuri ɗaya. Ciyawa ta yi kore, ta bushe, dusar ƙanƙara ta rufe ta, hazo ya haɗiye gidajen da ke nesa, rana ta sake fito da su. Turken kansa yana tsufa a gaban idonmu, rana da ruwa da faratan tsuntsaye suna cin sa. Babban tauraron littafin dai turken ne. Tsuntsayen kamar baƙi suke a zauren mai gari, kowa ya zo da buƙatarsa, ya ɗan zauna, ya tashi, wani ya maye gurbinsa, zauren kuwa yana nan.

Ta fuskar zubi da tsari, littafin ya fi kama da waƙar baka mai amshi. Turken da filin da ke bayansa su ne amshin, suna dawowa ba canji, tsuntsayen kuma su ne ɗiyan waƙar, kowane da abin da ya zo da shi. Kamar yadda amshi ke sa kunne ya huta har ya ji sabon abin da makaɗi ya kawo, haka maimaituwar turken ke sa ido ya daina neman inda yake, ya koma lura da ƙananan bambance-bambance: yadda wannan ya karkata wuya, yadda iska ta hargitsa gashin wancan. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa hoto ɗaya daga littafin, in aka cire shi aka ajiye shi kaɗai, ƙarfinsa kan ragu sosai. Aikin na jimla ne, sai an bi shi a jere.

Salo

Abin da ya fi burge ni a salon littafin shi ne yadda ya dawo wa tsuntsaye da girmansu na gaskiya. A salon da aka saba, mai hoto kan matso ko ya ja baya har tsuntsu ya cika hoton daidai, ta yadda gwara da gaggafa kan fito da girma ɗaya a takarda. A wurin Gill kyamara ba ta motsi, turken kuma ya zama kamar tiyar awo a kasuwa, wadda kowa ya san cikinta. Ƙaramin tsuntsu sai ya zauna a kan turken kamar ɗan dunƙule, fili ya yi masa yawa. Babba kuwa hoton ba ya ɗaukarsa, sai a ga ƙirji da ƙafafu da faratai sun damƙe itacen, kai ko fiffike ya fice ta sama. Wannan yankewar da malamin hoto zai kira kuskure ita ce ke sa gaban mai kallo ya faɗi, domin a nan ne yake jin nauyin abin da ya sauka.

Na biyu shi ne halin da ake samun tsuntsayen a ciki. Da yake babu mutum a wurin, babu wanda ke jiran su juyo su ba da gefen fuska mai kyau. Ana ganin su suna gyaran gashi, suna karkaɗe jiki, suna murɗa wuya ta yadda sai ka ɗan dakata kafin ka gane ina kai ina wutsiya. Wani lokaci kuma ɗaya zai zura wa kyamarar ido kai tsaye, kallon da babu tsoro ko sabo a cikinsa. Hoton da aka saba yana mayar da tsuntsu kamar amarya a gaban mai hoto. Na Gill yana tuna mana cewa wannan halitta tana da harkokin gabanta, kuma ba mu cikin lissafinta.

Na uku shi ne dusashewar motsi. Kyamarar da ke ƙyaftawa da tsananin sauri takan daskarar da fiffike a iska, abin da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba. Abin da ido ya sani shi ne wulgawa. Idan fiffike ya zama kamar hayaƙi a hoton Gill, ya fi kusa da abin da kowannenmu ke gani idan tsuntsu ya tashi a gabansa.

Inda aka samu rauni

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai wurare huɗu da ya kamata mai karatu ya yi hattara.

Na farko, ana yawan yaba littafin da cewa mai hoton ya janye kansa, tsuntsaye ne suka ɗauki hoton kansu. Maganar tana da daɗin ji, amma rabinta ne gaskiya. Gill ne ya zaɓi wurin, da tsayin turken, da tazarar da ke tsakaninsa da kyamara, da abin da zai fito a baya. Sannan shi ne ya zauna a gaban tarin hotunan shekara 4 ya ce wannan ya shiga, wancan ya fita, wannan ya biyo bayan wancan. Kuskuren da gwani ya zaɓo daga cikin dubu ya daina zama kuskure. Haɗarin wannan yabo yana kan mai kwaikwayo, wanda zai ɗauka cewa duk hoton da ya karkace ko ya dusashe fasaha ne. Yawancinsu ɓatattun hotuna ne kawai, kuma wahalar aikin tana wurin gane ɗayan da ya faɗi wani abu.

Na biyu, turken ba shaida ba ne marar son kai. A ƙasar da babu itatuwa kusa, duk abin da ya ɗaga sama yana kiran masu farauta da ke son wurin hangen ɓera, da kuma dangin hankaka. Tsuntsun da ke kiwo a ƙasa, da na cikin ruwa, da mai cafke ƙwari a iska kamar tsattsewa, ba su da wata buƙata a kan turke. Don haka abin da littafin ya nuna shi ne masu son turke a cikin tsuntsayen Skane. Masana kare tsuntsaye ma sun san cewa ƙara wa masu farauta wurin sauka a buɗaɗɗen fili na iya jawo wa masu yin sheƙa a ƙasa asarar ƙwai da ƴaƴa. Duk abin da mutum ya kafa don ya kira tsuntsu, ya sa hannu ke nan a rayuwarsu.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, kyamara ce ta gani, mutumin yana gida. Bai ji kukan da tsuntsun ya yi kafin ya sauka ba, bai ga wanda ya kore shi ba, bai san inda ya nufa da abin da ke bakinsa ba. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to wanda bai zauna ya saurara ba, da wuya ya san gidan kowa. Ga mai fasaha da ke neman hoto, wannan rashi ba wani abu ba ne, wataƙila ma shi ya ba hotunan baƙuncin da ke cikinsu. Amma ga ɗan sha'awa, zaman jiran shi ne ribar, hoton ƙari ne. In ya miƙa wa na'ura zaman, ya sayar da akuya ya riƙe igiya.

Na huɗu ya shafi masu kallo fiye da littafin. Da wani yaro ne marar suna ya kawo waɗannan hotuna, da yawa daga cikin masu yabon da sun ce ya je ya koyi saita kyamara. Sunan Gill da tarihin aikinsa su suka sa aka tsaya aka duba da kyau. Wannan ba laifinsa ba ne, sai dai yana nuna cewa idonmu na buƙatar a ba shi izini kafin ya ga abin da ke gabansa.

Daga Skane zuwa tsakar gida

Abin da Gill ya sha wahalar kafawa, gidajenmu a Damagaram ko Maraɗi ko Garwa sun riga sun mallaka. Akwai kan katanga, da igiyar shanya, da ƙololuwar rumbu, da reshen dogon yaro da ya leƙo daga maƙwabta, da bakin kaskon ruwan kaji. Kowane ɗaya turke ne da tsuntsaye suka daɗe da amincewa da shi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma tafkuna suka ƙafe, kaskon ruwa a inuwa ya fi kowane hatsi kiran baƙi. Waya ba ta iya jawo nesa kusa kamar doguwar kyamara, kuma wanda ya matsa mata sai ta ba shi hoto mai dishi-dishi. Amma in aka jingina ta a wuri ɗaya kusa da kaskon, aka bar ta tana ɗaukar bidiyo, mutum ya koma gefe ya zauna shiru yana kallo, za a sami hoton, ba a kuma rasa zaman ba.

Masu zuwan ma ba baƙi ba ne: kurciya, hasbiya, gwara, wani lokaci cilakowa ko alhudahuda. Ga kuma baiwar Allah, ƴar mitsitsiyar nan da namijinta ja ne, wadda ke yin sheƙa a jinkar ɗaki ko ramin bango, har ta shigo tsakar gida tana tsintar tsaki a gefen turmi. Wanda ya zauna ya lura da ita zai iya ganin wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi yana yawan bin inda take. Macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwanta ta bar mata reno, namijin kuma kukan baiwar Allah yake kwaikwaya. Abin da ake yi wa hankaka kirari da shi, mai da ɗan wani naka, yana faruwa a saman ɗakin girki. Hoto ɗaya mai narkakken baya ba zai taɓa ba da wannan labari ba, sai jerin hotuna na wuri ɗaya da idon da ya zauna.

Akwai kuma dalilin da ya wuce kyau. Waya tana rubuta ranar da aka ɗauki kowane hoto, hoton da ya nuna wuri kuwa ya zama shaida. Shamuwa kan iso garuruwanmu gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta koma gabashi da kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Wanda ya ɗauki hoton itace ɗaya a ranar da ta fara sauka, shekara bayan shekara, ya rubuta tarihin daminar garinsu ba tare da ya riƙe alƙalami ba. Dubi ungulu. Manyanmu sun san lokacin da ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, har ba wanda ya ga dalilin kallonta sau biyu. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sanya irin ungulun nan ta cikin gari a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, saboda guba da farautarta don haɗa magunguna da sauyin yadda ake zubar da ƙazantar mayanka. Hoton mahautar garinku na shekara 30 da suka wuce, da ungulaye jere a kan bango, yau ya fi hoton fuskar ungulu mafi kyau amfani, domin shi ne zai faɗi inda suke da yawansu. Irin waɗannan bayanai ne rumbun eBird, wanda sashen nazarin tsuntsaye na jami'ar Cornell a Amurka ya buɗe a 2002, yake karɓa daga hannun ƴan sha'awa a ko'ina cikin duniya.

Sai dai wanda ya kira tsuntsu gidansa ya ɗauki amana. Kaskon da ba a wankewa yana iya zama ajalin masu sha. A Birtaniya, tun daga 2005 wata cutar maƙogwaro da aka daɗe da sani a jikin tattabaru ta bazu cikin ƙananan tsuntsaye ta wuraren ci da sha na lambunan gidaje, ta yi wa wani koren tsuntsu dangin kanari ɓarna har aka sanya shi a jerin waɗanda aka fi ji wa tsoro a 2021. Gidan da ake kiwon tattabaru ya fi kowa buƙatar sauya ruwan kullum da shanya kaskon a rana. A ajiye shi inda kyanwa ba ta da maɓoya, kuma kada ya zama wurin da yara masu danƙo za su riƙa tarewa. Sheƙa kuwa a bar ta. Yawan leƙe kan sa uwa ta gudu ta bar ƙwai, ko ya nuna wa maciji da hankaka hanya. Wani lokaci ma mai hoton ne ke ji a jikinsa, kamar Eric Hosking, shahararren mai hoton tsuntsaye na Ingila, wanda mujiya ta kai wa hari kusa da sheƙarta a 1937 ya rasa idonsa na hagu.

Akwai wata iyaka kuma da Gill bai fuskanta ba a filinsa da babu kowa. Tsakar gida a wurinmu wurin iyali ne, musamman mata, kuma hoton da ya nuna wuri yana iya nuna abin da bai kamata ya fita ba. Kiran da nake yi na a bar gida ya fito a hoto bai haɗa da tona sirrinsa ba. Kan katanga da sararin sama, gefen rumbu, bakin randa, sun isa su faɗa wa mai kallo inda yake. In mutum zai shiga hoton, a nemi yardarsa kafin a ɗauka, balle a watsa.

Kammalawa

The Pillar littafi ne mai ƙarfi, ƙarfinsa kuma ya fito ne daga abubuwa masu sauƙi: wuri ɗaya, dogon lokaci, da ƙin ɓoye abin da aka kafa. Rauninsa shi ne nisan da ya sanya tsakanin mutum da tsuntsu, da kuma tatsuniyar da ta taso a kansa cewa babu hannun kowa a ciki. Wanda ya samu damar ganin littafin, ko hotunansa da ke yawo a intanet, ya bi su a jere ba tare da gaggawa ba, ya riƙa kallon turken kamar yadda yake kallon tsuntsun. Wanda kuma yake da waya da katanga, ya zaɓi kusurwa ɗaya a gidansa ya riƙe ta daga wannan rani zuwa na baɗi, ya zauna kusa, ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani, ya kuma jinkirta hukunci a kan hotunan har su taru. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa mu dace.